Goggo Asabe da Takardun da Suka Tafi da Ƙosai

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta ƙare rayuwarta tana tuyar ƙosai a bakin tashar Birnin Gwari. Ba ta taɓa zama a aji ba, ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Amma har yau ban ga wanda ya raba wa jama'ar garin nan ilimin halittu kamarta ba. A safiya guda ta raba shi kaf, kowa ya samu nasa da zafinsa da yajinsa.

A lokacin ina shirin sake zana jarrabawar gama sakandare, domin ilimin halittun nan ya kayar da ni a karon farko. Baba ya faɗa mini a gaban kowa cewa in na sake faɗuwa, sai in tattara in koma gonar Kawu a Damari, an gama maganar boko. Abokina Bitrus ya tausaya mini, ya ara mini takardun bitar da ya gada wajen yayansa, shafi talatin da biyu na rubutun hannu, kowane shafi da zanensa. Duk wanda ya karanta su ya ci, haka ake faɗa a makarantarmu. Sun sha hannu har sun yi ja, zaren ɗinkin ya tsinke, shi kansa Bitrus kwana biyu kacal ya ba ni saboda tare za mu zauna jarrabawar.

Ni kuma da wautata na ajiye su a zaure, daidai inda mutane ke zube wa Goggo tsofaffin takardu na naɗe ƙosai. Saura kwana biyar jarrabawa. Na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da zaure wayam, na kwasa da gudu zuwa tasha, na iske ta tana kwashe kaskon ƙarshe. Shafi uku ne suka rage a ƙarƙashin dutsen da take danne takarda da shi.

Wallahi na yi mata rashin kunyar da har gobe nake jin nauyinta. Ta bar ni na gama haki, sannan ta ce, "To ɗan nan, kai da ka san abin daraja ne, ka ajiye shi a kan shara? Riƙe mini bokitin nan." Ta ɗaure zanenta da kyau, ta bar wa maƙwabciyarta kasko, muka shiga gari.

A ranar na san irin kan da Allah Ya ba matar nan. Rubutun ba ta iya karantawa, amma zanen ta gani, kuma ta san wanda ta miƙa wa kowanne. Mai hoton kwaɗo yana wajen mai faci. Mai ganye biyu matar liman ce ta aiko aka saya. Mai ƙashin mutum tsaye kuwa wani ɗan acaɓa ne ya karɓa, ya dube shi ya ce a canja masa, shi ba zai karya kumallo da gawa ba, don haka ya koma hannun tela. Haka muka bi gida gida, shago shago. Wani mun tsamo shi a kwata, wani a bakin akuya, wani kuma an riga an toshe kwalbar kananzir da shi. Duk inda muka shiga sai ta nuna ni ta ce, "Ga mai ilimin nan, ku ba shi abinsa." Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Kafin la'asar mun haɗa talatin da ɗaya. Sun jiƙe da man gyaɗa sharkaf, har kana hango rubutun baya ta gaba. Bitrus ya zo ya jera su a kan tabarma, ya shinshina, sannan ya ce, "Kai za ka gaya wa yayana da bakinka." Ya ƙirga ya ce babu shafin zuciya. Goggo ta ce, "Mai kama da mangwaron da aka tsaga? Direban Funtuwa ne, ya ɗauki hanya tun hantsi."

Ni na riga na ga kaina da fartanya a Damari. Ita kuwa washegari ta tasa mu gaba har rumfar Ɗanjuma mahauci, ta ce ya tsaga mana zuciyar rago mu gani. Ɗanjuma ya ji daɗin an zo neman iliminsa. Ya tsaga, ya sa mu cusa yatsa a ɗakuna huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mana gefen da ya fi tsoka, Bitrus yana tuno sunayen Turanci ina rubutawa. Da Ɗanjuma ya ga zanen ƙodar da ke cikin takardunmu sai ya yi tsaki, ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa fiɗa ba. Goggo ta tsire zuciyar muka cinye a wurin.

Ranar jarrabawa tambaya ta biyu ita ce a zana zuciya, a faɗi dalilin da gefe ɗaya ya fi kauri. Na zana ta kamar ina riƙe da ita. Mu biyun muka ci, ban je Damari ba sai ziyara.

Yau ni nake koyar da wannan darasi, kuma Goggo takan faɗo mini a rai duk sanda bita ta zo. Ɗalibaina komai a waya yake: taƙaitattun bayanai, tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu, har da wani mutum da ba su sani ba yana yi musu bayani a bidiyo. Sun tara abin da jaki ba zai ɗauka ba, amma ka ce a zana maka zuciya sai a zana maka irin ta katin masoya. Ranar da babu sabis ko caji ya ƙare, aji ya zama kamar gidan makoki. Na san da Goggo ta ga wayar za ta juya ta gaba da baya, ta ce wannan ilimi ko ƙosai ɗaya ba zai naɗe ba. Ƙosan ma yanzu a leda ake zubawa. Hanyar dajin da direban nan ya bi yana cin ƙosansa hankali kwance kuwa, mun ga shekarun da ba mai shigarta sai da addu'a.

Tun daga ranar da muka bi gari neman takardun Bitrus, Goggo ba ta sake naɗe ƙosai da rubutun hannu ba. Duk takardar da ta ga biro a kanta sai ta ware ta jefa a wata tsohuwar kwalla, wai mai ita zai zo nema. Bayan rasuwarta muka buɗe kwallar ni da Inna. Akwai lissafi, akwai labarin ƙasa, akwai takardun asibiti, akwai wasiƙun soyayya na mutanen da yanzu dattawa ne a garin nan, ba zan kama suna ba. Mun yi dariya har da hawaye a gidan da ake zaman makoki.

A can ƙasan kwallar na ga mangwaron da aka tsaga, an ninke shi cikin leda, da tabon mai a tsakiya. Inna ta ce Goggo ba ta daina tare direban nan ba sai da ya zazzage motarsa ya samo shi a ƙarƙashin kujera, mako uku bayan mun gama. Ta ƙi ba ni don kada in ɗauka tana yi mini fatan faɗuwa, ta kuma ƙi yar da shi don ko da na faɗi in samu na karantawa.

Na kai wa Bitrus, muka haɗa shi da 'yan uwansa, suka cika talatin da biyu. Ban taɓa ba ta haƙurin maganganun da na faɗa mata a tasha ba, kuma abin yana cina. Allah Ya jiƙan Goggo Asabe, Ya sa Aljanna ce makomarta.