Ƙudan da Ƙafa Ta Tsiro Masa a Ka

Bushra 'yar Agege ce, tana aiki a ɗakin bincike na wata jami'a, ita ke ciyar da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Tana ɗauke da cikin fari ranar da ta leƙa madubin ƙara girma, ta ga wani ƙuda ƙafafu sun tsiro masa a ka.

"Oga, me ya same shi?" ta tambayi malamin da ke binciken.

Ya ce tun ƙuda yana cikin ƙwai ƙwayoyin halittarsa ke kunnuwa suna mutuwa kamar fitila, kowacce da wurinta da lokacinta. Wannan kuwa, ta ƙafa ce ta kunnu a kansa.

"Mutum ma haka ne?"

"Kusan haka ne. Amma wannan da gangan muke kiwon irinsa."

Hankalinta bai kwanta ba. Abinci ya fita ranta, in motar haya ta danfo ta faɗa rami sai ta dafe ciki tana salati. Ranar haihuwa ta ƙi buɗe ido sai da ungozoma ta ce, "Duba 'yarki mana, lafiyarta ƙalau."

Ta duba kan jaririyar, ba komai sai gashi, ta fashe da kukan murna.