Injin Yaya da Darbejiyar Inna

A Morai inji ba ya lalacewa shi kaɗai, sai an taru an taya shi. Na ga haka da idona shekarar da darbejiyar gidanmu ta karkata kan ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ruwan farko ya sassauta mata saiwa. Mun yi mun yi da Inna ta koma wani ɗakin, ta ce nan aka kawo ta tana amarya, nan za a ɗauke ta.

Yaya yana da injin yankan itace, da shi yake neman abinci. Ranar da zai sare bishiyar ya ja igiya, inji ya yi tari ya yi shiru. Kafin ya sake ja, majalisar ƙofar gida ta taso. Ai shi ke nan! A wurinmu ba a ce wa babba ya ɗauke hannunsa daga kayanka, don haka aka bi layi bisa ga shekaru, kowa ya ja, ya yi nishi, ya faɗi cutar. Wannan ya ce fetur ɗin gauraye ne, wancan ya ce baki ne ya kama injin. Cok, wato makunnin da ke toshe wa inji iska, a rufe, ba wanda ya duba, wuri sai warin fetur.

Kawu ne ya fi ƙona mini rai. Don ya taɓa riƙe injin niƙa, sai ya ce wa Yaya, "Miƙo shi nan, kafireta ce." Ya kwance ta, wato mahaɗar fetur da iska, a kan tabarma, ya hura, wani ɗan mitsitsin sifirin, ƴar murɗaɗɗiyar waya, ya yi tsalle ya shige yashi. Dattawa da gemunsu suka duƙa suna tankaɗe ƙasa da rariya har magariba. Na ce, "Kawu, hadari fa yana haɗowa kullum." Ya ce, "Yaro, ba a yi wa inji gaggawa." Yaro! Ni da furfura ta fara fito mini.

Washegari ni da Yaya muka ɗora injin a babur sai Mafara. Bakanike ya zare fulogi, ga shi sharkaf da fetur. Ya ce, "Mutum nawa suka ja wannan?" Yaya ya ce, "Unguwa guda." Ya busar da fulogin, ya ciro sifirin daga wani mataccen inji ya sa. Asalin cutar kuwa, soson da ke tace iska ne garin itace ya toshe, wanki kawai yake so.

Guguwa ta riske mu a hanya da la'asar. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka tarar da darbejiya kwance kan ɗakin, kwano ya lotse, bango ya rufta. Inna tana zaure, zanenta a jiƙe, ta fito kama akuyarta ke nan bishiyar ta faɗi.

Ja ɗaya inji ya tashi. Kawu ya ce, "Ba na faɗa ba? Kafireta ce!"

Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce wa Yaya, "Yanka a hankali. Gadon da mahaifinku ya cika a kai yana ƙarƙashi."