Makullan Baba Ndagi biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko shayin safe ban kai baki ba aka bugo mini, wai Baba Ndagi ya rasu.

Shi ne mai kula da lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, a makarantar da na fara koyar da kemistiri a nan Minna, a shekarun tamanin. Mutumin Bida ne. Ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Kwalbar da ba rubutu a jikinta, ko ruwa ne a ciki, sai ya harare ta.

Kabad biyu gare shi. Ɗaya na sodiyam, ƙarfen nan da ake nutsarwa cikin kananzir don kada ya kama wuta. Ɗayan na sinadaran naitirojin, wasunsu har warin ruɓaɓɓen kifi suke. Bai taɓa ba mutum ɗaya makullan biyu ba, ko ni da digirina.

Sai ni ma na fara zarginsa. Me yake ɓoyewa? Na lallaɓa wajen firinsifal na ce ina jin tsohon nan kwasar kayan yake yi. Aka karɓe makullan aka miƙa mini a gabansa.

A satin na tashi gyaran lab. Don in rage tarkace na juye ragowar wani ruwa na kabad na biyu cikin tsohuwar kwalbar kabad na farko, ashe akwai ɓarɓashin sodiyam a gindinta. Kwalba ta hau tafasa. Baba ya ture ni gefe, ya sure ta zai jefa a bokitin yashi, ta fashe a hannunsa.

Yatsunsa biyu ba su ƙara miƙewa ba. Da aka duba kabad ɗin, ko cokali bai ɓata ba.

Duk da haka, duk kaka sai ya aiko mini doyar Gwada.

Bara na je gaishe shi a unguwar Barkin Sale da niyyar in faɗa masa ni ce na kai ƙararsa. Na kai masa zuma a gora. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Malama, har yanzu ba kya rubuta suna a kwalba?" Muka yi dariya, na taso ban faɗa ba.

A ƙofa ya ce, "Makullan nan, na san hanyar da suka bi suka zo hannunki. Je ki, ba komai."

Wallahi tun safe nake kuka. Ya yafe, amma ni ban taɓa buɗe baki na roƙa ba, kuma ban taɓa wanke shi a gaban mutane ba. To yau ku shaida: Baba Ndagi bai ɗauki komai ba, ni ce na zalunce shi.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa hannun nan ya zame masa shaida. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara.