Ranar da Aka Karɓe Tulun Roda

A tsakiyar addu'a barci ya kwashe Roda. Ita aka ba buɗe taron Zumuntar Mata a majami'arsu ta Yelwa, kowa ya rufe ido, ta ce "Ya Ubanmu," sai shiru. Mata suna jira, a zatonsu Ruhu ne ya sauko. Can sai minshari.

Da a shekarun baya ne, wadda ta fara dariya sai ta koma gida ba ɗankwali. Roda Barkono muke ce mata a layinmu, ko akuya ba ta bin ƙofarta. Amma tun da ɓarin jikin mijinta Obadiya ya shanye, ya ajiye tuƙin motar Gubi, ita ce ɗagawa, ita ce juyawa, ita ce wankin zanin gado kullum. Kunu ma a cokali take ba shi, rabi ya dawo ta gefen baki. 'Yarsu Agnes tana aure a nesa. 'Yan dubiya sun zo, sun gaji, sun daina.

Abu ɗaya ya rage mata, tulun da take kaɗawa idan mata suna waƙa. In ta ɗora shi a cinya takan manta da warin ɗaki. Takan ce Ubangiji gyara ta yake yi, ko da yake gyaran da ciwo.

To, bayan minsharin nan aka yanke a ba wata tulun. Cecilia, Uwar Zumunta, ta zo karɓa da kanta. Maƙwabta kuwa muka fito da kujeru, an daɗe ba a ga dambe ba.

Roda ta shiga ɗaki, ta jima. Ta fito da tulun a goge tas, ta miƙa. Daga ciki Obadiya yana kiranta da wannan murya tasa da ba ta fita.

Cecilia ta rungume tulun ta ce, "Kai, Maman Agnes! Ashe wahala ta yi miki rana. Lallai Allah ya gama aikinsa a kanki."

Roda ta share ido da bakin zani.

"Bai gama ba, Uwar Zumunta, yanzu haka shi ke riƙe da hannuna. Ki kama hanya tun bai saki ba."