Ƙofar da Kaka Bai Ga Bayanta Ba

Wata 'yar ƙara ce, ƙwil, kamar ɗigon ruwa ya faɗa cikin tasa. Ita ce ƙarar da Ɗan Ƙarfe, na cikin wani tsohon wasan talabijin, yake yi idan ya yi tsalle. A makon jiya na ji ta tana fitowa daga ɗakin Baba, ina shigowa daga kasuwa da warin albasa a rigata. Na tsaya cik a tsakar gida. Rabona da wannan ƙara tun ina yaro.

Gara in gaya muku halina tun yanzu. Ni mutum ne mai riƙo. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san riƙo ba halin kirki ba ne, malamai sun faɗa na ji. Duk da haka na girma, na yi aure, na haifu, ina ɗauke da fushin mahaifina a kan wasan talabijin. Ku yi dariya idan kun ga dama. Mutanen Illela ma dariya suka yi, kuma dariyarsu ce ta jawo komai.

Kakana, mahaifin Baba, da ƙafa ya ci abinci. Shanu yake korowa daga can wajen Tawa har karar Illela, kasuwar dabbobi, ya sayar, ya huta kwana kaɗan, ya koma. Ya san inda rijiya take, ya san inda ƙasa ke rufta wa mutum da damina. Sai hawan jini ya kayar da shi wata safiya a bakin masallaci, ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafar da ta mutu ba ta dame shi kamar hannun ba. Mutumin da bai taɓa karɓar ko goro da hagu ba, ga shi dole ya kai tuwo baki da hagu. Ya daina cin abinci a gaban kowa. Idan an kawo akushi sai ya ce a ajiye a ja ƙofa. Ya juya fuskarsa bango, ɗakin ya koma warin man zafi da shiru.

A wannan bazarar ce Kawu, ƙanin Inna, wanda ke tuƙa babbar mota ta Ƙwanni har bakin teku, ya kawo mini gem na hannu da wata ƙaramar talabijin. Da batirin mota muke kunna su. Inna ta ce ba za ta iya da ƙarar ba, sai aka kai su ɗakin Kaka, tunda shi ba ya cewa komai.

Wasa ɗaya ne a ciki. Wani mutum-mutumi ne na ƙarfe, shuɗi-shuɗi, da fitila a goshi, hannunsa ɗaya bindiga ce mai harba haske. Garin da yake ciki ba irin namu ba ne, gari ne na can gaban zamani. Gidaje a sama suke rataye, motoci na shawagi kamar shirwa, ba ƙasa ko kaɗan, sai faya-fayan ƙarfe masu motsi da ramuka a tsakaninsu. Aikinsa ya yi ta gudu, ya tsallake rami, ya harbe 'yan uwansa da suka lalace, ya tsince wasu 'yan kwabbai masu walƙiya. Rubutun duk Faransanci ne, ba wanda ya iya karantawa a cikinmu.

Akwai wani rami da kullum nake faɗawa. Wata rana da hantsi na faɗa, na sake faɗawa, sai na ji murya a bayana.

"Kai, ba ka duban hanya."

Na waiga. Kaka ya juyo daga bango.

"Faifan na ukku shi ne maci amana. In ka taka shi, kada ka tsaya. Raggo."

"To zo ka yi mana, tsoho, in kana iyawa."

Kun san jika da kaka, ba a riƙe baki. Ya ce in matso. Abin da ake riƙewa a yi wasan, wanda muke kira fad, gefensa na hagu shi ne na tafiya, na dama shi ne na tsalle da harbi. Na ɗora shi a kan matashi a tsakaninmu. Kaka ya sa babban yatsansa na hagu a kan na tafiya, ni na riƙe na tsalle. Muka faɗa ramin nan tare har sai da batir ya mutu. Amma a ranar ya sha fura ina kallonsa, bai ce in fita ba.

Haka muka raba Ɗan Ƙarfe, kuma Kaka ne ya raɗa masa sunan. Shi ne ƙafafu, ni ne tsalle. Ba ya manta hanya. Inda muka bi sau ɗaya ya riƙe shi, ya san inda abokin gaba zai ɓullo, ya san inda za a lafe a jira. Kwabban nan sefa yake ce musu, kuma ba ya yarda a wuce ko ɗaya. Idan muka zo bakin rami sai ya daka tsawa, "Tuma!" Idan na makara ya zage ni, idan ya kauce na zage shi. Zafin bazara ya wuce, hadari ya fara haɗowa daga gabas, ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga, 'yan gidanmu suka tafi shuka gonarmu ta Araba, mu muna sama muna tsallake ramuka. Kaka ya sa aka kira masa wanzami. Ya fara tambayar farashin shanu.

Gero na fitar da kai muka kai ƙarshe. Muka kayar da wani ƙaton ƙarfe mai hannuwa da yawa, Ɗan Ƙarfe ya taka har gaban wata babbar ƙofa, haske na fitowa ta ƙarƙashinta. Ya ɗaga hannu zai tura. Sai allon ya yi baƙi, rubutu ya hau gudu.

"Mi ya faru? Batir ne?" in ji Kaka.

Ba batir ba ne. Da Kawu ya zo ya duba, ya ce ai nan na ɗaya ya ƙare, sai a na biyu ƙofar za ta buɗe. Kaka ya ce waɗanda suka ƙera abin nan ba su da mutunci, ba a kawo baƙo bakin zaure a bar shi tsaye. Daga ranar ba direban da zai zo gaishe shi bai ba shi saƙon na biyu ba. Kafin na biyun ya zo, muka koma farko, don kada hannu ya manta.

Ana cikin haka abokan cinikin Baba suka zo dubiya, manyan mutane da manyan riguna, Baba na gabansu. Ba mu ji sallamarsu ba. Daidai lokacin Kaka ya kauce, muka faɗa rami, na ce, "Kai tsoho, ka kashe mu, raggo!" Shi kuma ya ce, "Ubanka ne raggo!" Ga uban nawa tsaye a bakin ƙofa. Baƙin suka tuntsire da dariya, ɗaya har yana riƙe ciki. Kafin kasuwar Lahadi ta ci ta watse, magana ta zaga kara: tsohon nan ya ruɗe, gigin tsufa ya kama shi, wasan yara yake yi yana ihu.

Waɗannan mutane, ina suke lokacin da yake kallon bango? Wa ya zo ya zauna da shi ko na shan shayi ɗaya? Da yana kwance shiru kamar buhu, kowa ya ce dattijo ne mai haƙuri. Da ya tashi ya yi dariya, sai ya zama abin kunya. Har yau idan na tuna fuskar mai riƙe cikin nan, sai in ji yawu ya yi mini ɗaci.

Bayan girbi Kawu ya kawo na biyu. A bangon faifan ga Ɗan Ƙarfe da sababbin fukafukai, ga ƙofar nan a bayansa ta ɗan buɗe. Kaka ya riƙe shi da hagu yana jujjuyawa. Batir yana wurin caji, sai muka ce gobe da hantsi. Ya ce a fito masa da farar rigarsa.

Da la'asar Baba ya zo. Ya cire takalmi a waje, ya durƙusa nesa da tabarma kamar yadda ya saba, ya yi gaisuwa har ta ƙare. Sannan ya ce da Kaka, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, mutane na magana."

"Mutanen nan su ke ba ni tuwo a baki?"

Baba ya tashi a hankali, ya zare wayoyi, ya naɗe su tsaf, ya ɗauki gem da talabijin. Ya ajiye sabuwar rediyo a wurin. Ya sake durƙusawa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Ladabin nan shi ya fi ƙona mini rai. Da zagi ya yi, da duka ya yi, da na san inda zan ajiye abin. Amma ya kwashe wa mahaifinsa ƙafafu yana durƙuso.

Ban san inda ya kai su ba. Faifan na biyu dai ya zauna ƙarƙashin matashin Kaka, ba abin da za a sa shi a ciki. Rediyon ko sau ɗaya bai kunna ba. Sanyi ya shigo, ya koma cewa a ajiye akushi a ja ƙofa. Kafin wata damina ya rasu. Ban ce Baba ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, na sani. Amma na san a wane gefe fuskarsa take kallo a watanninsa na ƙarshe, kuma na san dalili.

Tun daga nan ban sake taɓa gem ba. Da aka buɗe shagunan wasa a gari, abokaina suka ce na biyu yana nan, na ce kada wanda ya gaya mini abin da ke bayan ƙofar.

Yanzu ciwon Kaka ya dawo gidan, ya kama Baba, ɓarin dama shi ma. Ina sayen magani, ina kai shi asibiti, ba ya rasa nama a miya. Kowa na cewa ɗa nagari ne ni. Ƙarya ce. Daga bakin ƙofa nake gaishe shi, in juya. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, ba ma zama tabarma ɗaya, sai na fake da wannan kunya na ɓoye riƙona a ciki.

To, ranar da na ji ƙarar nan, na ɗaga labule. Ɗiyata ce, 'yar firamare, ta kwanta rub da ciki a tabarmar Baba, wayar uwarta na kan matashi a tsakaninsu. Ashe an sabunta tsohon wasan an zuba shi a waya, na ɗaya da na biyu a haɗe. Yatsan Baba na hagu na kan gilashin, nata na gefen dama. Ba wanda ya koya musu. Tana cewa, "Kai tsoho, ba ka gani ne?" Yana cewa, "Yi mini shiru, amaryar banza."

Na fizge wayar. Na ce ba a yi wa babba haka, mutane za su yi magana. Da bakina na faɗa. Kuma ni ko mutane ban tuna da su ba. Abin da ke raina shi ne bai cancanta ba, wanda ya hana wani ganin bayan ƙofar nan ba zai gan shi ba ina raye. Baba ya yi don kunyar mutane, ni na yi don mugunta. Yarinyar ta fita da kuka. Baba ya juya fuskarsa bango.

Wayar ta kwana biyu a aljihuna. Inna ce ta tare ni a bakin murhu, ba ta ko dube ni ba, tana tuƙa tuwo.

"Kai kana tsammanin bai san wasan ba? Kullum kuna ciki kuna ihu, yana bayan zana tsaye. Shi ba ya iya shiga ya zauna, ba ya iya zagin ubansa su yi dariya. Kai ka samu wannan, shi bai samu ba."

Na ce wannan bai wanke shi ba. Ta ce ita ba wanki take yi ba, tuwo take tuƙawa.

Na mayar wa yarinyar da wayar. Ban ba kowa haƙuri ba, wannan ma yana cikin laifina. Zanan nan babu shi yanzu, katangar bulo ce, kuma a bayanta na sami kaina jiya da hantsi, na bar shago a hannun yaro, ina jin ƙwil, ƙwil, ina jin muryar da ta yi shekaru ba ta ɗaga ba tana cewa, "Tuma!" Can sai ƙarar ta ɗauke.

"Kai, na bayan katanga," in ji Baba. "Taho ka gani. Ta buɗe."

Na shiga. Na durƙusa nesa da tabarma, yarinyar ta karkato mini wayar. Ba aljanna ba ce a bayan ƙofar, ba taska ba. Hanya ce doguwa, a ƙasa take ba a sama ba, jar ƙasa da ƙayoyi, ta miƙe har inda ido ya gaza, ga ramuka nan birjik.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Da tsoho ya so wagga hanya."

Na so in ce masa wa ya hana shi. Maganar ta zo har bakina, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, tana nan har yanzu, ba ta tafi ko'ina ba. Amma yarinyar ta ce yatsanta ya gaji, ta tashi ta bar gefen dama ba kowa, Ɗan Ƙarfe na tsaye a bakin ramin farko, yatsan Baba na kan gilashi yana jira.

Na matsa kan tabarmar.