Katin da Baba Mai Hura Bai Gani Ba

Baba Mai Hura ya samo sunansa ne tun zamanin na'urar wasan gem mai kaset. In kaset ya ƙi kamawa, sai ya hure shi fuu, ya goge a gefen riga, ya cusa, hoto ya fito. Da aka koma faifai, ya koyi goge idon na'ura da auduga. Shagonsa bai fi tabarma biyu ba, amma duk layin ba mai ja da shi, shi ma ya san da haka, har abin ya hau masa kai.

Dokarsa ɗaya ce: in na'ura ta rikice, zare katin ajiya ka sa a aljihu, ka share duk abin da ke cikinta tas. Wasan yaro yana cikin kati, ba abin da zai same shi.

Ran nan wata malamar asibiti ta kawo irin ta yanzu, fara sol, ko bakin faifai babu.

"Baba, ta autanmu ce, ya rasu bara. Ya ɗauki wasanninsa da muryarsa a ciki. Kullum sai Mama ta sa an kunna mata ta ji dariyarsa, yanzu kuma na'urar tsayawa take yi. Don Allah a kula da abin da ke ciki."

"Haba 'yata, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Bayan ta tafi ya juya na'urar gaba da baya, bai ga kati ba. Ya ce a ransa ai ta bar shi a gida, yarinya mai hankali. Ya danna sharewa.

Aikin ya yi nisa lokacin da maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo.

"Baba, ka dai kwashe na ciki ko? Waɗannan ba su da kati fa, komai a cikinsu yake."

Baba ya koma kan na'urar da sauri. Ya danna wannan, ya danna wancan, ta ƙi tsayawa. Ya ɗaga ta, ya kai baki wajen shan iskarta ya hura, ya sake hurawa. Dattijo da furfura, yana hura abin da ba ya jin huri.

"Sai dai in yaron ya ajiye a intanet," in ji maƙwabcin a hankali. "Lambar sirri kuwa tana wurin mai ita."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kasa cin abinci. Duk mai fararen kaya da ta gifta, sai ya miƙe zumbur. Ya shirya magana, ta watse, ya sake shiryawa.

Da la'asar malamar ta iso, riƙe da hannun wata tsohuwa.

"Mama ce ta ƙi zama a gida, wai a nan za ta fara jinsa."

Tsohuwar ta zauna a benci, ta gyara mayafi, tana murmushi.

"Kunna mana, malam."

Na'urar a kunne take. Allon talabijin yana tambayar sunan sabon mai ita.