Ranar da Na Fita Waje a Walimar Kawu

Akwai wata ranar Asabar a Tarauni da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko na yi niyyar mantawa dangina ba za su bari ba, domin har yau bidiyonta yana cikin wayoyinsu. Duk Sallah sai wani ya tono shi ya sake turawa a gurup ɗin gida.

Lokacin ina da shekara ashirin da shida, ina da ɗan shago a Gyadi-Gyadi inda nake buga wa mutane takardu da fotokwafi. A ƙarƙashin teburin shagon jitata take kwana, don Abba, wato mahaifina, ya ce ba za ta shigar masa gida ba. Shekara shida na yi ina koyonta a wajen wani dattijo a Unguwa Uku, mutumin Kudu ne amma tun yana saurayi yake Kano, Hausarsa ta fi tawa tsafta. A da ya yi kiɗa a otal-otal, daga baya ya koma gyaran rediyo da lasifika, ranar Lahadi kuma ya kaɗa a cocinsu. Baba mai jita muke ce masa. Shi ya fara jiyar da ni jaz, kiɗan nan da ake sakar wa mutum fili ya ƙirƙiri nasa nan take, sauran abokan kiɗa suna riƙe masa gindin waƙar. Matsalata da Baba ɗaya ce: ba ya sauri. Sai ka yi wata uku a kan waƙa guda yana ce maka "sake".

Sai na sayi babbar waya, na fara kallon bidiyon masu jita a intanet. A nan na haɗu da abin da suke kira fita waje. Wato kana cikin waƙa sai ka bar sautukanta da gangan, ka taɓo waɗanda ba nata ba, kunnen mai sauraro ya ɗaure, sa'an nan ka dawo ya saki ajiyar zuciya. Makamin da na fi ƙauna a ciki shi ne wani kod da ake kira ogimentid. Kod dai sautuka ne da ake haɗawa su tashi tare, wannan kuwa guda uku ne. Ka kama kod na yau da kullum, ka tura sautinsa na sama mataki ɗaya gaba a wuyan jita, shi ke nan. Amonsa kamar an yi maka tambaya an tafi ba a jira amsa ba. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne tazarar da ke tsakanin sautukan uku iri ɗaya ce, saboda haka in ka zame hannunka mataki huɗu gaba, yatsunka a yadda suke, sai ka sake samun kod ɗin nan dai. Ka ƙara huɗu, shi ne dai. Riƙo ɗaya, wuyan jita gaba ɗaya ya zama naka. Ga malalaci mai son a ce ya iya, ban ga abin da ya kai wannan daɗi ba.

A bidiyon akwai kashi na biyu, inda mutumin yake bayanin yadda ake dawowa. Ban kalla ba. Na ga tsawonsa minti arba'in ne.

Cikin wata biyu na canza. Na daina zuwa Unguwa Uku, ina ce wa mutane Baba tsohon yayi ne. Na sayi wata ƙaramar baƙar hula mai baki da tabarau mara magani. In kwastoma ya kawo takardar haihuwa a yi masa kwafi, sai ya tarar da ni ina zame hannu a wuyan jita ina yamutsa fuska kamar mai ciwon haƙori. Muna da 'yar ƙungiya ta mutum huɗu: ni, mai kibod, mai bes, wato jita mai kaurin murya, da mai ganga. Mai kibod ɗan cocin su Baba ne, mutum mara hayaniya. Wata rana a wajen gwaji ya ɗage hannu daga kan kibod ya dube ni ya ce, "Ka san a wajenmu in an ce mutum yana jaz, asiri ake nufi? To wannan da kake yi ya fi kama da wancan." Na ce masa kunnensa ne bai nuna ba tukuna.

Ana nan sai kawuna, yayan mahaifiyarmu, ya yi ritaya daga aikin gwamnati bayan shekara talatin da biyar, abokan aikinsa suka shirya masa walima a wani ɗakin taro a Tarauni. Kawu shi kaɗai ne a dangi yake kare ni. Da kansa ya zo shago ya zauna a kan benci ya ce, "Ku za ku yi mana kiɗa. Mai sanyi nake so, wanda mutum zai ci shinkafarsa yana jin abin da na kusa da shi yake faɗa. Kuma Abbanka zai zo. Na sha wuya kafin ya yarda. Na ce masa ya saurara sau ɗaya, in ya ga ba shashanci ba ne ya bar ka ka kai abarka gida. Kar ka ba ni kunya."

Na ce, "Kawu, in sha Allah sai an yi labarin ranar nan." Wannan alkawarin kam na cika shi.

An fara bayan la'asar. Ɗakin cike da manyan riguna da ƙamshin turare, daraktoci a gaba, iyaye mata a gefe guda. Abba yana layi na biyu, ya harɗe hannu a ƙirji. Waƙa biyu na farko mun yi su yadda Baba ya koya mana, a nutse. Daga baya Kawu ya gaya min cewa a waƙa ta biyu ya ga ƙafar Abba tana ɗan motsi a ƙarƙashin tebur. Ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne mutum ɗari biyu suna cin kaza ba wanda ya ɗago ya kalli hulata. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai.

Waƙa ta uku mai zagayawa ce, ana ƙirga goma sha biyu a koma farko. Da aka zo wurin da zan ƙirƙiri nawa, mai kibod ya gyaɗa min kai. Na yi zagaye ɗaya lafiya lau. A na biyu na ce a raina, yau Tarauni za ta san an yi karatu. Na matsa mataki ɗaya daga inda waƙar take, na kama ogimentid, na watsa sautukansa ɗaya bayan ɗaya. Kai, a kunnena ya yi daɗi! Na zame huɗu gaba. Na ƙara huɗu. Na dawo baya uku, ko biyar, Allah kaɗai ya sani. Na ga mutane sun fara ɗago kai, na ce madalla.

Sai na nemi komawa, na rasa ta ina.

Abin da ya sa kod ɗin nan yake da daɗin yawo shi ne ya kashe ni. Ko'ina ka tsaya kamarsa ɗaya, ba wani sauti a cikinsa da zai ce maka nan ne gida. Ƙirgar goma sha biyun ma ta zube, ban san ko muna bakwai ko muna goma ba. Mai kibod, don tausayi, ya bar waƙar ya biyo ni ko zai taro ni, kafin ya iso na zame wani wurin. Mai bes ya kafe a inda muke tun farko kamar an ba shi gadi. Mai ganga ya shiga dukan ganga da ƙarfi don ya nuna min farkon zagaye. Mutum huɗu, hanya huɗu. Cokula suka tsaya. Wani jariri ya tsandara kuka. Daga ɓangaren mata gwaggona ta ɗaga murya, muryar da ba ta buƙatar makirfon, ta ce, "Kai mai lasifika! Ba ka ji abin nan ya lalace ba? Ka gyara mana mana!"

Ni kuwa na yi abin da na ga manya suna yi a bidiyo. Na rufe ido, na ɗaga wuyan jita sama, na lanƙwasa gwiwa, na ƙara sauri. Mai lasifika ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, da ya gano daga inda cutar take sai kawai ya murɗe layina ya kashe. Ga ƙarar ganga a bayana, ga idona a rufe, ban lura ba. A bidiyon za ka ga sauran ukun sun haɗu sun koma waƙar cikin kwanciyar hankali, ni kuma ina gaba ina murɗe-murɗe, baki a karkace, gumi yana ɗiga daga ƙarƙashin hula, jitar ba ta cewa uffan. Kusan rabin minti aka yi a haka.

Da aka tsaya, ba wanda ya tafa. Sai wani tsohon babban sakatare, wanda shi ne babban baƙo, ya miƙe yana tafi a hankali. Da yallaɓai ya tafa, daraktoci suka tafa. Da daraktoci suka tafa, mataimakansu suka tafa har da miƙewa. Ya yafito ni, na je na durƙusa.

"Rabona da jin irin wannan tun ina karatu a Turai," in ji shi, yana duban na kusa da shi don su ji. "Wannan shi ne asalin jaz. Ba kowa ne zai gane ba. Musamman wajen ƙarshen nan da ka yi shiru, hannu yana tafiya amma ba sauti. A nan fasahar take."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe," in ji wani darakta wanda da idona na gan shi ya toshe kunne da ɗan yatsa. "Wurin nan ya taɓa ni."

A lokacin ne na fahimci an kashe min layi. Amma don ka san yadda yabo yake da haɗari, kafin in koma wurina har na fara tunanin ko da gangan na yi.

A wajen ajiye motoci na tarar da Abba, ana shirin kiran magariba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalli hulata ya ce, "Ɓata ka yi ko?"

Na ce, "A'a Abba, salo ne. Fita waje ake ce masa."

Ya ce, "Ni ban san kiɗa ba, amma na san fuskarka. Haka kake yi kana yaro in hadda ta kuɓuce maka. Sai ka rufe ido, ka ɗaga murya, ka yi ta karkaɗa kai don malam ya zaci kana ciki." Ya buɗe ƙofar mota. "Na farkon nan da kuka yi ba laifi. Da ka tsaya a nan da mun yi magana. Abar nan ta ci gaba da zamanta a shago."

Kawu bai yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Shekara talatin da biyar ban taɓa amsa takardar tuhuma ba. Yau gwaggonka ta tsare ni tana tambaya nawa aka biya mai lasifika."

Sai da na yi mako guda kafin na iya ɗaukar ƙafa zuwa Unguwa Uku. Mai kibod ya riga ya nuna wa Baba bidiyon. Da ya hango ni ya ajiye rediyon da yake gyarawa ya fara dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Ya share hawaye ya ce, "Sannu da zuwa, farfesa. Ina hular?"

Ya miƙo min tsohuwar jitarsa ya ce in kama masa kod ɗin nawa. Na kama. Ya ce, "Ɗauki yatsa ɗaya, duk wanda ka ga dama, ka mayar da shi baya mataki ɗaya." Na mayar. Sai ga kod na yau da kullum, zaune daram. Ya ce in koma in gwada da wani yatsan. Wani kod ɗin ya fito, shi ma lafiyayye. Na uku ma haka.

"Ka gani? Ƙofa uku ce a jikinsa, kowacce yatsa ɗaya ne tsakaninka da ita. Kana tsaye a bakinsu kana ta ihu. Mu mun yi ta kaɗa wannan tun ba a haife ka ba, bugu biyu kawai a ƙarshen zagaye, ka ɗaure wa mutane ciki sa'an nan ka sake su. Amma sai ka san wace ƙofa waƙar take so, wannan kuwa ba a yatsa yake ba." Ya ja kunnensa. "Daga yau, duk inda hannunka ya tafi, bakinka yana rera waƙar. In ka kasa rerawa, ba fita ka yi ba, ɓata ka yi. Fara."

Na fara. Ya ce, "Sake." Wata huɗu muka yi a kan waƙar nan ɗaya.

Yanzu ina amfani da ogimentid, kuma in ya faɗa a wurinsa har ni kaina tsigar jikina takan tashi. Sai dai ba na taɓa shi sai na san sautin da zan sauka a kai. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, fita ba gwaninta ba ce, kowane sakarai zai iya barin hanya, dawowar ce ake shan wahalar koyo. Na kuma koyi cewa ɗaki guda na manyan mutane zai iya miƙewa ya tafa wa shirme, in dai wanda ya fi su girma ne ya fara. Shi ya sa har yau in na sauko daga kiɗa ba na ƙirga masu tafi. Wanda ya yi shiru nake nema, in je in durƙusa in tambaye shi abin da ya ji.